Hanyar Mambila a Kan Babur

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Mayo Selbe, gindin tudun Mambila a jihar Taraba, da sassafe ya ɗaga kai ya kalli dutsen da ke jiransa, ya san akwai hanyar da ba ta ɗaukar gaggawa. Mu huɗu ne a kan babura uku, cikin watan Janairu, kuma tun ranar da muka dawo maganar nan take cina a rai. Ina so in faɗa wa matasanmu masu son babur cewa akwai abin da ya fi tsere a titin Abuja ko karkatar da mashin a wurin kai amarya. Akwai ƙasa mai faɗi da kyau da ba mu sani ba, kuma babur ne kaɗai zai kai ka cikinta. Sai dai tana da sharaɗi: ka shige ta da ƙaramin babur, a hankali, kana mai sanin cewa kai baƙo ne.

Na san sunan babur ya ɓaci a Arewa, kuma ba a banza ba. A Kano an hana acaɓa tun watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. A 2021 jihohi irin su Zamfara da Katsina suka taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da mai a jarka saboda 'yan bindiga. Yau a ƙauyuka da yawa idan aka ji ƙarar babura goma tare, mata kan suri 'ya'yansu su nufi daji. Abin yana min ciwo, domin wannan ƙarfen shi ne ya yi wa talakan karkara hidimar da babu wata mota da ta yi masa. Shi ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke kai buhun masara kasuwa, shi ke kai malami makarantar da ke bayan rafi. Miyagu sun ƙwace mana sunansa, ni kuma ban yarda mu bar musu ba.

Daga Jalingo muka ɗauki hanya, muka bi ta Garba Chede da Bali, muka kwana a Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti take. Gandun nan da aka kafa a 1991 shi ne mafi girma a Najeriya, amma ka tambayi matasa goma a Kano ko Zariya ka ga nawa ne suka taɓa jin sunansa. Har zuwa nan tafiya ce irin wadda aka saba: zafi, ramuka, shingen jami'an tsaro, kwalta a nan, burji a can. Labari yana farawa ne daga Mayo Selbe. Af, ga wanda bai sani ba, "mayo" da Fulatanci kogi ne, shi ya sa za ka yi ta cin karo da shi a sunayen garuruwan yankin.

Hawan kansa akwai kwalta, amma kwana ce a kan kwana. Kafin ka miƙe daga wannan ka shiga waccan, dutse a gefe guda, kwazazzabo a ɗaya gefen, wanda idan ka leƙa sai ka hango kan bishiyoyi a ƙasa. Wuraren ma suna da sunayensu: Hawan Biyu-da-Sisi, Kwanar Duram, Tungar Ahmadu. Mutanen wurin suna cewa biyu da sisin nan ladan masu dakon kaya ne a zamanin da ake hawa da ƙafa. Ka tsaya ka yi tunani: hanyar da kake jin kanka jarumi don ka hau ta da inji, kakannin wasu da kaya a ka suka hau ta.

A nan ne babur yake fara yi maka magana, idan kana saurare. Kana yin sama, iskar tana yin shara-shara, injin yana samun ƙasa da abin da ya saba shaƙa, sai ka ji ƙarfinsa ya ragu ko da ka murɗe totur. Ba lalacewa ya yi ba. Ka sauko giya ta biyu, ka bar shi ya yi kukansa. Kwanar da ba ka ganin bayanta ka yi mata oda tun daga nesa, ka manne a hannunka na dama, domin babbar mota mai saukowa da katako ko shanu ba ta da zaɓi sai ta ci rabin hanyarka. Ka rage gudu kafin ka shiga kwana, ba bayan ka shiga ba. Kuma inda idonka ya kalla nan babur zai nufa; idan ka zuba wa ramin ido, ramin zai ja ka. Ka kalli mafitar kwanar.

Da muka kai sama wajen Maisamari, sai na kashe mashin na zauna a kan ciyawa, na kasa cewa komai. Tuddai ne koraye da ruwan ƙasa suna bin juna har ƙarshen gani, shanu a warwatse kamar an zuba farin wake a faifai, bishiyoyin turare a jere, iska mai sanyi tana ratsa riga. Tudun Mambila ya kai kimanin mita 1,600 sama da teku, kuma duk mita dubu da ka hau zafi kan ragu da wajen digiri shida. Wanda ya baro Serti da 'yar shara zai gane kurensa kafin la'asar. A Kakara ga gonakin shayi shimfiɗe a jikin tudu. Can gabas, a kan iyakar Kamaru, ga Chappal Waddi, mai tsayin mita 2,419, wurin da ya fi ko'ina tsawo a Najeriya. Wannan yanki ma ba tare da mu ya karɓi 'yancin kai a 1960 ba. Sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta watan Fabrairun 1961 Arewacin Kamaru da ke ƙarƙashin Birtaniya ya zaɓi Najeriya, aka sa masa suna Lardin Sardauna. Har yau ƙaramar hukumar da Gembu ke hedikwatarta Sardauna ake ce mata. Na karanta wannan a takarda tun ina yaro, amma sai da na tsaya a wurin na ji shi a jikina. Gani ya kori ji.

To amma ainihin abin da ya sa nake wannan rubutu ya faru ne bayan mun bar kwalta. Daga Nguroje muka karkata ta hanyar Mayo Ndaga, jar ƙasa zalla, duwatsu sun fito kamar haƙora, ga zaizayar damina ta tsaga hanya gida biyu. Mun ɗauki wani matashi ɗan kabu-kabu na yankin ya yi mana jagora, kuma wannan ita ce shawara mafi kyau da muka yanke a duk tafiyar. Yaron bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, yana kan tsohon Boxer, da silifas a ƙafarsa, amma yadda yake karanta ƙasa ban taɓa ganin irinsa ba. Ya san launin da ke nuna ƙasa ta bushe da wanda ke nuna akwai danshi a ƙarƙashi. Ba ya bin tsakiyar hanya, yana bin 'yar siririyar sawun da babura suka daddale.

A bakin wani rafi na faɗi. Na tsallake ruwan lafiya, ina fitowa tayar baya ta hau jar laka mai yauƙi kamar miyar kuɓewa, na tsorata na damƙe birkin gaba, sai ga ni a ƙasa, babur a kan ƙafata. Allah Ya tsare, ban karye ba, saboda takalmin da na sa mai rufe idon sawu ne. Yaron ya dawo da gudu ya ɗaga mashin ɗin, ya duba ni, sannan ya ce, "Sannu Malam. A irin wannan wuri ba a taɓa birkin gaba. Ka sa giya ɗaya, ka saki hannunka, ka bar shi ya yi rawarsa, zai fita da kai." Ya durƙusa ya ɗan rage min iskar tayoyi don su fi kama ƙasa. Shekara goma sha biyar ina hawa babur a birni, amma ranar na zama ɗalibi, kuma na ji daɗin zama ɗalibin.

Wannan ya kawo ni kan maganar da na san wasu abokaina ba za su so ta ba. Manyan baburan nan masu tsada da ake yayi, waɗanda ake sayen su da kuɗin gida guda, ba su ne na hanyoyinmu ba. Ɗaya daga cikinmu da irinsa ya zo. A kwalta ya bar mu a baya, babu musu. A laka kuwa sai da mutum uku suka taru kafin a ɗaga shi, kuma da wata 'yar waya ta tsinke a jikinsa babu bakaniken da ya yarda ya taɓa shi, sai da muka ɓata rabin yini. Ƙaramin Bajaj ko Haojue fa? Kowane ƙauye akwai mai gyaransa a gindin bishiya, akwai fulogi, akwai wayar kuloci, akwai mai faci. Man da yake sha kaɗan ne, kuma a inda gidan mai ya yi nisa, kwalba biyu daga hannun mai sayarwa a bakin hanya za su kai ka gari na gaba. Idan ya faɗi kai kaɗai za ka ɗaga abinka. Ba na hana kowa sayen abin da ransa ke so. Ina cewa ne kada matashi ya zauna yana jiran ranar da zai mallaki babur na miliyoyi kafin ya fita ya ga ƙasarsa, alhali wanda yake zuwa kasuwa da shi ya isa.

Akwai kuma abin da na gani da ya sauya min tunani gaba ɗaya. Muna hutawa a kan wani tudu, sai ga babur yana hawowa a hankali, mutum uku a kai: direba, wata tsohuwa a tsakiya an ɗaure ta da zani a bayansa, da wani a baya yana tallafe da kanta. Asibiti za su kai ta, kuma jagoranmu ya ce suna da sauran tafiya mai nisa. Muka matsa gefe, muka yi musu sannu, suka wuce. Babu wanda ya yi magana a cikinmu na ɗan lokaci. Hanyar da muka zo nema don nishaɗi, muke ɗaukar hotonta muna murna da wahalarta, ita ce tsakanin wannan tsohuwa da likita. An shekara da shekaru ana maganar madatsar wutar lantarki ta Mambila mai megawat 3,050, amma mutumin ƙauyen da ke bayan Nguroje abin da ya fi buƙata kwalbati ne a kan rafi.

Shi ya sa raina yake ɓaci idan na ga bidiyon masu yawon babur suna keta ƙauye a guje, suna bule mata masu talla da ƙura, suna razana shanu, suna ɗaukar hoton yaran mutane ba tare da izini ba. Wannan rashin tarbiyya ne, ko a wace ƙasa aka yi shi. Idan ka iso gari ka rage gudu tun daga nesa, ka cire hular kwano a ga fuskarka, ka yi sallama. A zamanin da ake ciki, baƙon da ya rufe fuska a kan babur abin tsoro ne, kuma mutane suna da hujja. Idan za ka kwana, ka fara zuwa wurin mai gari ka gabatar da kanka. Ka sayi shayi da burodi a wurinsu, ka biya jagora haƙƙinsa ba tare da ciniki mai tsanani ba. Fulatanci ne harshen kasuwa a can sama, ko da yake Hausa ma tana tafiya. Ka koyi ko da "useko" ne, wato "na gode", ka ga yadda fuska za ta sake.

Ba zan yaudari kowa ba game da tsaro. Akwai hanyoyin da ba zan ce wa ko maƙiyina ya bi su a yanzu ba, irin dazukan Birnin Gwari da Zamfara. Ko ta Taraban ma sai ka tambayi direbobin tasha halin da ake ciki a ranar, kada ka yi tafiyar dare, kada ka tafi kai kaɗai, ka riƙe takardun babur da katin shaidarka. Damina a Mambila doguwa ce, don haka daga Disamba zuwa Fabrairu ne lokacin baƙo. Batun hular kwano kuwa, na tuna 2009 da aka fara tilasta ta wasu suka riƙa kifa ƙwarya a ka don guje wa kamu. Kai ɗaya Allah Ya ba ka. A ranar da na faɗi, gefen hulata ne ya daki dutse, kuma har yanzu tabon yana nan a jikinta.

Saukowa ta fi hawa haɗari, wannan duk direban hanyar zai gaya maka. Masu son tsimin mai sukan kashe inji su saki firi, sai birki ya yi zafi ya daina kamawa a daidai lokacin da ake buƙatarsa. Mu a giya ta biyu muka sauko, injin yana riƙe mu, muna taɓa birki kaɗan-kaɗan. Hazo ya rufe kwarin da safen nan, muna gangarawa cikinsa kwana bayan kwana, kunnuwa suna toshewa suna buɗewa, sanyi yana raguwa har muka fara cire rigunan sama ɗaya bayan ɗaya. A Mayo Selbe muka tsaya muka yi sallar azahar, muka ci shinkafa da wake a wata rumfa, babura suna ta ƙas-ƙas suna hucewa a rana. Jagoranmu tun a Nguroje muka rabu, ya ce akwai buhunan masara da ke jiransa, kuma washegari kasuwa ce.