Hasken da Ya Kamata a Duba Lu'ulu'u a Cikinsa

Na taso a yankin da rana ke tsayawa tsakar ka har inuwar mutum ta dawo ƙarƙashin ƙafarsa, yanzu kuma ina zaune a Beljiyam, inda a ƙarshen watan Disamba rana ba ta ɗagowa fiye da kimanin digiri 15 daga doron ƙasa, sannan a yawancin kwanaki gajimare ne ke lulluɓe ta. Zoben lu'ulu'u, wato daimon, ɗaya ne a yatsana can da nan, amma kamannin dutsen sun bambanta ƙwarai, har na daɗe ina zargin ko wani abu ne ya same shi. Babu abin da ya same shi, sararin da ke kansa ne ya sauya.

Lu'ulu'u ba shi da hasken kansa. Hasken da ke gudun kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa ɗaya a sarari, idan ya shiga wannan dutse sai gudunsa ya ragu zuwa kimanin kilomita 124,000, ya lanƙwashe sosai, ya yi ta karo da bangon ciki kafin ya fito ta sama. Zagayayyen yankan da aka fi sani yana da fuskoki 57 ko 58, kowace fuska taga ce kuma madubi ce, saboda haka abin da ido ke gani hoton wurin da mutum yake ne, an farfasa shi an dawo masa da shi. Daga nan ne ake samun farin sheƙi, da launukan bakan gizo waɗanda masu sana'ar ke kira wuta, da kuma ƙyalƙyalin da ke kunnawa yana mutuwa idan hannu ya motsa. Kowanne daga cikinsu da irin hasken da yake so, kuma da wuya wuri ɗaya ya gamsar da su duka.

Mutum zai ɗauka cewa rana mai ƙarfi ita ce ta fi dacewa da shi, ni ma haka na ɗauka. A tsakar rana irin ta can, dutsen yana harba tartsatsi ɗaya ko biyu masu kashe ido, ja ko kore ko shuɗi, amma sauran jikinsa sai ya yi duhu kamar gilashi mai toka. Dalili shi ne rana ɗigo ɗaya ce a sama, fuskoki kaɗan ne ke kama ta a lokaci guda, ragowar suna nuna shuɗin sama da inuwar kan mai kallo, ga shi kuma ƙwayar ido ta tsuke don kare kanta, sai duk abin da bai kai tartsatsin haske ba ya dusashe. Inda dutsen ya fi yin kyau a wancan yanayi shi ne ƙarƙashin bishiya mai ganye, domin ganyen yana raba rana ɗaya zuwa ɗaruruwan ƙananan haskoki da ke rawa da iska, kowace fuska ta samu nata, ido kuma ya huta ya buɗe. Ban taɓa ganin wata fitila da ta kai inuwar bishiya fito da wutar lu'ulu'u ba.

A nan kuwa, ƙarƙashin gajimare, haske yana zuwa daidai wa daida daga kowane gefe. Dutsen yana yin fari tas, a natse, launukan kuma su ɓace, saboda idan launukan da aka rarraba daga kusurwoyi masu yawa suka hau kan juna sai su sake haɗuwa su koma fari. Da farko na ƙi jinin wannan haske, ina ganin ya kashe mini zobe. Yanzu ra'ayina shi ne babu hasken da ya kai shi faɗin gaskiya, domin dutsen da aka yanka da zurfi fiye da kima zai nuna duhu a tsakiyarsa, wanda kuma aka yanka da faɗi ba zurfi zai yi kama da ruwan da ba shi da rai, kuma babu tartsatsin da zai rufa musu asiri. Ba banza ba dillalan lu'ulu'u na birnin Antwerp da ke nan Beljiyam tun da can suke duba duwatsu a bakin tagar da ke fuskantar arewa, wadda rana ba ta shigowa ta cikinta kai tsaye. Haka ma cibiyar GIA ta Amurka mai nazarin duwatsu masu daraja, wadda ta tsara ma'aunin launi daga D (marar launi) zuwa Z (mai ɗan ruwan ɗorawa), tana duba launi ne da fitila mai kwaikwayon hasken yini, dutsen a kife a kan farin abu.

Wannan ne ya sa hasken kantunan kayan ado ke damuna. Ana jera ƙananan fitilu masu ƙarfi da yawa a rufi, wato an kwaikwayi inuwar bishiya da lantarki, kuma a ƙarƙashinsu ko dutse mai matsakaicin yanka sai ya yi ta walƙiya. Ban kira shi yaudara ba, domin kowa yana nuna hajarsa inda ta fi kyau, amma wanda zai sa zoben zai yi rayuwarsa ne a ofis da ɗaki da mota. Mai saye yana da haƙƙin ya roƙi a kai dutsen bakin taga, ya kuma kare shi daga fitilun da tafin hannunsa, ya ga abin da ya rage.

Launin hasken ma yana da nasa tasiri. Ƙwan lantarki mai jan haske yana shafa wa dutse ruwan ɗorawa, mai farin haske kuma yana sa shi ya yi sanyi kamar ƙanƙara. Tsofaffin yanka masu manyan fuskoki, waɗanda aka yi kafin injiniya ɗan Beljiyam Marcel Tolkowsky ya fitar da lissafinsa na kusurwoyin yankan lu'ulu'u a 1919, sun fi bayyana kyawunsu a gaban kyandir, inda suke fitar da launi mai faɗi a hankali. Sannan GIA ta ce kashi 25 zuwa 35 cikin ɗari na lu'ulu'u suna amsa wani ɓoyayyen haske da ke cikin hasken rana wanda ido ba ya gani, su fitar da nasu ɗan haske, galibi shuɗi. Wannan shuɗin yana iya danne ɗan ruwan ɗorawar da ke jikin dutse har ya ƙara masa fari, kuma ɓoyayyen hasken ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba a ƙasashen da rana ke tsakar ka. Nawa yana cikin masu amsawa, shi ya sa duk lokacin da na koma can nake ganin ya fi fari a fili, idan na dawo kuma na riƙe shi a bakin taga da sanyin hunturu sai ɗan launinsa na asali ya fito daga gefe.