Wa Kuka Tambaya Kafin Ku Ƙera Mana Wannan Wahalar?

Tura ta kai bango. Duk wani tsarin zamani da aka sauke mana a 'yan shekarun nan, na banki ne, na layin waya ne ko na tallafi, hanya ɗaya yake biyowa. Wasu su kulle kansu a ofis mai sanyi a Abuja ko Legas, su tsara shi daidai da irin rayuwarsu, su yanke wa'adi, sai kawai a wayi gari ana shela a rediyo cewa wanda bai yi ba kafin ƙarshen wata ya kuka da kansa. In abin ya ƙi aiki a hannun talaka kuma, ba za ka taɓa jin an ce na'urar ce ta gaza ba. Sai a ce mutanenmu ne ba su waye ba, a sake ware wasu kuɗin na wayar da kai.

A layinmu ni ne ɗan bokon da ake kawo wa waya bayan sallar isha'i, don haka ba labari nake ji ba. Wannan an rufe masa layi, wancan an cire masa kuɗi ba su je ba, waccan saƙo ya shigo mata da Turanci tana tsoron ko asusunta aka kwashe. Kuma wallahi duk cikinsu babu daƙiƙi ko ɗaya. Mutanen da ke riƙe lissafin bashin mutum talatin a ka, su san farashin masara a kasuwa uku a rana guda, su ne ake cewa ba su da kai.

Ɗauki na'urar dangwala yatsa. Na raka gwaggona wani banki da ya dakatar mata da asusu wai sai ta sabunta bayananta. Mace ce da ta yi rayuwarta tsakanin turmi, wankau da tuyar ƙuli-ƙuli. Ta ɗora babban yatsa, na'ura ta yi ja. Ma'aikaciyar ta ce, "Mama, goge a zaninki." Ta goge. "Mama, ɗan shafa a goshinki ya samu maiƙo." Ta shafa. Aka bi yatsun nan ɗaya bayan ɗaya, hagu da dama, mutanen da ke bayanmu suna ta tsaki. Daga ƙarshe yarinyar ta kalli tafin hannunta ta ce, "Ai lalle kika sa, sai ya goge ki dawo." Gwaggo ta ce, "'Yar nan, ko lallen ya fita, zanen da tabarya ta cinye wa zai dawo mini da shi?" Ban ga laifin yarinyar ba, ita ma abin da aka ajiye mata ke nan, ba a ba ta wata hanya ta biyu ba. Laifin na wanda ya zauna ya yanke cewa zanen yatsa ne kaɗai shaidar mutum, a ƙasar da miliyoyi ke cin abinci da fartanya, da bulo, da ruwan sabulu. Hannunsa mai laushi ya gwada a kai ya ga ta yi kore, shi ke nan ya ce ta yi.

Kuma ba yau aka san matsalar ba. A zaɓen 28 ga Maris 2015, na'urar tantance masu zaɓe ta yi ta gardama da shugaban ƙasa mai ci, Goodluck Jonathan, a mazaɓarsa ta Otuoke, duniya na kallo. Shi da yake shugaba an san yadda aka yi da shi. Gwaggo kuwa sai ta koma gida ta jira lalle.

Sai maganar suna, wadda ita ce ta fi ƙona mini rai. Fom ya ce sunan farko, sunan tsakiya, sunan dangi, kuma dole ka cike. To mu yaushe muke da sunan dangin da ake gada daga kaka zuwa jika? Bahaushe sunansa da na ubansa, wani ya ƙara da na garinsu, wani da sana'ar gidansu. A makaranta an rubuta masa sunan gari, a banki sunan uba, wajen rajistar layi yaron da ke ƙarƙashin lema ya sa abin da kunnensa ya jiye masa. Mace kuma a nan an sa mata sunan mahaifi, a can na miji. Muhammad ɗaya ya zama Mohammed, ya zama Muhammadu, ya zama Mamman. Garba da Abubakar kowa a Arewa ya san mutum ɗaya ne, amma ban da kwamfuta. Ranar haihuwa kuwa, tsohon da ya ce maka an haife shi da kaka, shekarar da aka naɗa wane sarauta, sai magatakarda ya dubi furfurarsa ya rubuta 1 ga Janairu da shekarar da ta zo masa a baki. Wani magatakardan a wani ofishin ya ƙiyasta wata shekarar daban. Ranar da aka ce a haɗa lambar tantancewa ta banki, wato BVN, wadda aka fara a 2014, da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN da layin waya, sai duk wannan ya fashe a kan talaka. Bayananka ba su dace ba. Je ka kotu ka yo takardar rantsuwa, ka biya kuɗin gyara, ka biya mai kafe, ka biya kuɗin mota zuwa birni, ka rantse da Allah cewa kai ne kai. Da an zaunar da mai unguwa ɗaya da malamin firamare ɗaya kafin a zana fom ɗin nan, cikin rabin sa'a za su faɗi duk wannan. Haka adireshi: lambar gida da sunan titi, ga mutumin da gidansa ke bayan masallacin Juma'a, daura da injin niƙa.

A Disambar 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN, aka ba da mako biyu, a tsakiyar annobar korona. Mako biyu! Jama'a suka yi ta kwana a bakin cibiyoyin rajista, aka yi ta ɗage wa'adi, wanda shi kansa shaida ne cewa tun farko ba a auna ba. A Afrilun 2022 aka toshe kira daga layuka fiye da miliyan 70.

Ga kuma lambobin da ake dannawa a ƙaramar waya don tura kuɗi. Da Turanci suke, kuma da gudu. Kafin dattijo ya laluɓo madubin idonsa, ya duba lambar asusun da aka rubuta masa a bayan kwalin magani, lokaci ya ƙare, sai ya faro daga farko. Tun 2021 kuma aka ɗora cajin naira 6.98 a kan wannan hanya. Abin da ya biyo baya kowa ya gani: tsohuwa ta naɗe katinta a cikin takardar da aka rubuta lambar sirrinta, ta miƙa wa mai POS duka biyun ta ce, "Ɗan nan, ciro mini dubu biyar." Ana ta talla kar ka ba kowa lambar sirrinka, alhali an gina abin ta yadda ba za ta iya taɓa kuɗinta ba sai ta bayar. Mutanen nan suna aika saƙon murya a WhatsApp safe da yamma. Da yawansu suna karanta ajami tiryan-tiryan, ajamin da aka cire daga ƙananan takardun naira a 2007. Me ya hana na'ura ta yi musu magana da Hausa, da Fulatanci, da Kanuri? Fasahar tana nan. Ba a tambaye su ba ne kawai.

Canjin kuɗi ba sai na tuna wa kowa ba. An sanar a Oktoban 2022, aka ce tsofaffin 200, 500 da 1000 sun daina aiki daga 31 ga Janairun 2023, aka ƙara kwana goma, aka ce kowa ya koma tiransifa. A kasuwannin ƙauye inda sai ka hau tudu kafin sabis ya kama, manomi ya sayar da buhunsa a wulaƙance ga duk mai tsabar kuɗi a hannu, mutane suna sayen naira da naira. Sai da Kaduna, Kogi da Zamfara suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 kafin aka samu sa'ida. Ita kuwa eNaira, nairar intanet ta Babban Banki, da aka ƙaddamar da ganga da algaita a Oktoban 2021, da farko sai mai babbar waya da asusun banki ne zai iya buɗe ta, wato wanda ba ya buƙatarta. Rahoton Asusun Lamuni na Duniya (IMF) na 2023 ya nuna fiye da kashi 98 cikin 100 na asusun da aka buɗe ba a taɓa su a mako.

Na san amsar da za a ba ni, wai ba zai yiwu a tambayi mutum miliyan 200 ba, kuma ai an yi taron masu ruwa da tsaki. Mun san taron. Otal ne a babban birni, a gayyato masu manyan riguna, a nuna musu abin da aka riga aka gama, a ci shinkafa, a karɓi kuɗin mota, a ɗauki hoto. Wannan sanarwa ce. Ko telan bakin kasuwa ba ya yanka yadi sai ya ɗora maka awo, in ya ɗinka ta matse shi ne da gyara, ba zai ce ka rage ƙiba ba.

Kuma an yi daidai a wasu wuraren, an ga amfaninsa. M-Pesa ta Kenya, hanyar tura kuɗi ta waya da ake ta ba mu misali da ita, asalinta don biyan ƙananan basussuka aka tsara ta. Da aka gwada ta a garin Thika a 2005, sai masu ita suka lura mutane na tura wa junansu kuɗi da ita, abin da ba a shirya ba. Ba su ce mutanen sun yi kuskure ba, suka juya tsarin ya bi abin da jama'a ke yi, suka fito da ita a 2007. A nan gida ma, marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin fasaha ta Jigawa da ke Dutse, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ke adana gauta da tumatir da alayyafo ba tare da wutar lantarki ba, har ya samu kyautar Rolex a 2000. Daga gidan maginan tukwane ya fito, da maginan ƙauye ya yi aikin, ya san abin da matan karkara ke iya saya da abin da ke ruɓe musu. Bai sa wa kowa wa'adi ba, bai toshe wa kowa komai ba, mutane suka karɓa don ta yi musu.

Maganar nan har da ku, ƙannenmu masu rubuta manhaja a Kano da Kaduna da Zariya. Na ga manhajar manoma da aka yi ta da Turanci zalla, tana neman adireshin imel kafin ta buɗe. Wane manomi? Don alƙalan gasa kuka yi ta, ku faɗi gaskiya. Kuna da iyaye a gida, kun fi na Legas laifi.

Abin da nake nema ba shi da tsada. Kafin a ƙaddamar da komai, a ɗauko shi a kai kasuwar Wudil ranar Juma'a ko ta Maigatari ranar Alhamis. A miƙa wa dillalin shanu, da mai fura, da makaho, da tsohuwa mai lalle a hannu, a kan irin wayar da ke aljihunsu da irin sabis ɗin da ke wurin. Injiniyan ya tsaya a gefe ya kama bakinsa, kar ya nuna musu inda za su danna. Inda suka tsaya cak, ya rubuta, ya koma ya gyara, ya sake dawowa. A biya su ladan lokacinsu kamar yadda ake biyan ƙwararrun da ake ɗaukowa daga waje. A sa matan unguwa da shugabannin 'yan kasuwa da masu POS a kwamitin da ke da ikon cewa wannan bai yi ba, kar a fitar. Kuma duk inda aka ajiye na'urar yatsa, a ajiye hanya ta biyu a gefenta tun ranar farko, ko hoton fuska ne ko shaidar mai unguwa, ta yadda ma'aikacin da ke kan kujera zai iya sallamar mutum a ranar, ba ya ce masa ya je ya dawo ba.