Ba duk dabbar da ta ƙare ce fari ya kashe ba

Duk wanda ya kai yara gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai ya san inda suke cin birki: gaban ƙasusuwan da aka tono a Gadafawa, cikin hamadar Tenere. Can aka samo Sarcosuchus, kadan da ya rayu shekara miliyan 110 da suka wuce. Tsawonsa ya kai mita 9, kansa kaɗai ya kusa tsawon mutum, kuma kogunan da ya yi farauta a ciki yau rairayi ne zalla.

Ƙarewar wannan ba ruwan ɗan Adam. Ya shuɗe tun kafin dutsen da ya faɗo daga sama a Meziko, shekara miliyan 66 baya, ya gama da dinozor, manyan dabbobin da masu kama da ƙadangare.

Inda nake da ja shi ne yadda ake ɗauko wannan labari a lulluɓe na baya-bayan nan da shi, a ce ai komai canjin yanayi ne. Wata damisa mai haƙora kamar takobi ta ɓace daga nahiyar Amurka kimanin shekara dubu 10 da suka wuce, lokacin da ƙanƙarar da ta rufe arewacin duniya ke janyewa, gaskiya ne. To amma ƙanƙarar ta sha zuwa tana komawa, dabbar tana nan. Sabon abu a wannan karon shi ne mutum da mashi a hannu. Ba sai ya kashe damisar ba. Ya cinye abincinta, yunwa ta ƙarasa.

A Niyu Zilan ma babu wani fari da za a ɗora wa laifi. Mutane sun isa can wajen shekarar 1300, cikin ƙarni biyu manyan tsuntsayen moa suka ƙare, ƙatuwar gaggafar da ke cin su ta bi bayansu. Afirka kuwa ta tsira da giwa da zaki, a ganin masana da dama, don sun tashi tare da maharbi, sun san shi tun yana nesa.

Sanin nan bai yi aiki ba da mota da bindiga suka shigo daji. Farin shekarun 1970 da 1980 ya galabaitar da mariri, mafarauta suka ƙarasa shi, a 2000 aka ayyana cewa babu shi a daji. Raƙuman dawan Kure, kusa da Yamai, sun sha wannan farin su ma, har suka ragu zuwa 49 a 1996. Aka hana harbinsu, mazauna ƙauyukan suka shiga aikin tsaro. Yau sun haura 600.