Takalmin Gwanjo a Tsibirin Yawuri

Daga bakin ruwan Yelwa na shiga jirgi mai inji bayan sallar asuba, domin dutsen tsibiri ba a hawansa da rana. In hantsi ya dubi ludayi, ko tafin hannu ba ka iya ɗorawa a kai. Na biya mai jirgi rabin kuɗi, sauran sai ya dawo ɗaukata. Haka ake yi in ba ka shirya kwana da sauron Neja ba. Guzurina fiya wata huɗu, lita 2 ke nan, da dabino da ƙuliƙuli, sai takalmin gwanjo mai ƙaton ƙasa wanda mai sayarwa ya rantse mini da irinsa Turawa ke hawan duwatsu.

Ɗan rakiyata wani dattijo ne Bagunge, wato ɗan ƙabilar Gungawa mutanen tsibiran nan, manomin albasa, sanye da takalmin taya. Ya dubi ƙafata ya ce, "Malam, wannan na nawa?" Na faɗa masa. Ya ce, "Allah ya sa albarka," da wata irin murya.

Wajen sauka daga jirgi dole ka taka ruwa, duwatsun gaɓa kuma duk gansakuka ce mai santsi, sai an bi ta kan yashi. Daga nan hanya ta kama sama. Baba ya ce kada in miƙe sak, in riƙa karkacewa dama da hagu, taku gajere, in kurɓi ruwa kaɗan-kaɗan tun ƙishi bai zo ba, kuma kada in cusa hannu a tsagar dutse don neman madafa, gidan kunama ne. Yana tafe yana ba ni labarin tsibiran da ruwa ya cinye bayan an gama madatsar Kainji a 1968. Ni kuwa numfashin da zan ce "Allah sarki" ma babu.

Mun kai rabi sai na ji faf, faf, a bayana. Na waiwaya, ba kowa. Ashe takalmin dama ne ya buɗe baki kamar kada, ƙasansa na lilo. Dalili a fili yake: takalmin gwanjo kan daɗe a cikin dila, gam ɗinsa ya bushe ya mutu, ya sha ruwa a gaɓa, sannan ya hau dutse mai ɗumi kana lanƙwasa shi a kowane taku. Baba bai yi dariya ba, wanda ya fi dariyar ciwo. Ya zaro robar tiyub daga aljihu, ya naɗe takalmin sau uku ta tsakiyar ƙafa, ya ƙulle a sama, ba a ƙasa ba inda dutse zai cinye ƙullin.

Saman dutsen ya biya wahalar. Kogi ya rabu biyu ya sake haɗewa, kwalekwalen Sarkawa sun bazu da taru, gonakin albasa kore shar. Na ɗauki hotuna, duka daga gwiwa zuwa sama.

Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, ana yinta ne a kaikaice, nauyi a ƙafar baya. A gangara ta biyu na hagu ya bi ɗan'uwansa, ƙasansa ya fita gaba ɗaya, ya riga mu isa gindin dutse. Robar kuwa ɗaya ce. Sauran hanyar a zaune na yi ta, wandona ya karɓi aikin takalmi, ƙarangiya kuma ta karɓi safa.

A gaɓa na sallami Baba, na ɗaga ƙafa zan shiga jirgi, sai ya kama hannun rigata. "Malam, robar. Da ita nake ɗaure buhu a keke."

Na kwance masa a gaban fasinjoji. Mai jirgi ya dubi ƙafafuna, ya dubi bayan wandona, ya miƙo hannu ya ce a cika masa kuɗinsa tun kafin ya tayar da inji.