Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza

Akwai wani a dandalin nan, ya san kansa, da ya mayar da tsofaffin jaruman finafinan Indiya abin taunawa. Wai su ba komai ba ne, motsa baki kawai suke yi a kan muryar mawaƙa irin su Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi. Jiya-jiya ya fara riƙe waya yana mamin, yau har ya samu bakin raina waɗanda iyayenmu suka yi layi a sinimar Rex da Palace a Kano don kallonsu.

Tunda bai tambaya ba, bari a faɗa wa masu son sani.

Kafin 1935 jarumi da bakinsa yake rera waƙa a gaban kamara, makaɗa na ɓoye a gefe. Daga wannan shekarar aka fara naɗar waƙa tukuna a situdiyo, sannan a sako ta a lasifika ranar ɗauka. Aikin ya ƙara tsauri. Kamara na cin hoto 24 a daƙiƙa guda, leɓe ya yi lattin hoto biyu ko uku, mai kallo ya gano. Dole jaruma ta haddace har wurin da mawaƙiya ta ja numfashi, kuma ta rera da ƙarfi da gaske, don in maƙogwaro bai motsa ba, hoton kusa zai tona asiri. Tana wannan, ƙafarta na bin ganga, idonta na kan abokin rawa, kuma sai ta tsaya daidai kan alamar alli da aka zana a ƙasa, saboda da tef aka auna nisanta da kamara. Ta gota taku ɗaya, fuska ta dushe, a sake.

A wancan zamanin sakewar nan kuɗi ce. Naɗin fim mai ƙafa 1,000 minti 11 yake yi, kuma abin da aka ɗauka ba ya goguwa. Babu allon da za a leƙa a ga me ya fito, sai an kai an wanke. Kuskuren yau sai gobe ko jibi yake bayyana, wataƙila an riga an sallami 'yan rawa. Ga zafin manyan fitilu, musamman a fim mai kala, yana narkar da kwalliya a fuska.

Mai maganar ya je ya duba jaruma Madhubala a fim ɗin Mughal-e-Azam na 1960. Da huji a zuciyarta aka haife ta, da ciwon ta yi aikin, kuma sarƙoƙin da aka ɗaure ta da su a fim ɗin na ƙarfe ne na gaske. Ta rasu a 1969 tana da shekara 36. Raina irin wannan baiwar Allah abu ne mai ciwo. Jarumai Vyjayanthimala da Waheeda Rehman kuwa tun suna yara suke koyon rawar gargajiyar Indiya ta Bharatanatyam a hannun malamai, kowane yatsa da gira da ma'anarsa.

Shi da yake sake bidiyon daƙiƙa 30 sau goma, ya yanke, ya liƙa, ya shafe fuska da filta, ya gwada baiti ɗaya a ɗauka guda babu yanka, yana juyi, ya tsaya kan alama. In ya yi, ya ɗora mu gani.