Kishin ƙasar Amurkawa a yaƙin Hitila: akwai albashi a bayansa

Duk lokacin da rayuwa ta yi tsada a gida Najeriya, sai wani ya jawo misalin Amurkawa: wai a Yaƙin Duniya na Biyu kowa ya ɗaure ɗamara, mata suka shiga masana'antu, aka haƙura da sukari da man fetur ba ƙorafi, mu kuwa ba mu da kishin ƙasa. Ina zaune a jihar Michigan, kusa da Detroit, garin da ya ƙera tankoki da jirage masu ɗimbin yawa a yaƙin nan, kuma ni dai wannan karatun bai gamsar da ni ba.

An yi aiki kam, ba musu. Japan ta kai hari Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba 1941, zuwa Fabrairun 1942 an dakatar da ƙera motocin hawa baki ɗaya. Masana'antar Ford da ke Willow Run, nan kusa da mu, ta kai ga fitar da jirgin yaƙi samfurin B-24 kusan ɗaya a kowace awa a 1944. Gwamnati ta buɗe ofishin yaɗa labaran yaƙi a watan Yunin 1942, aka cika rediyo da silima da bango da kira: ka sayi takardar bashin yaƙi, ka shuka kayan lambu a bayan gida, ka iya bakinka.

Amma mu duba hoton da aka fi yawo da shi, na matar nan mai jan ɗan kwali da ta naɗe hannun riga tana nuna damtse. An zana shi ne don ma'aikatan kamfanin Westinghouse, aka manna shi na mako biyu kacal a 1943, kuma bai yi suna ba sai wajen shekarun 1980. Ke nan ba shi ya fito da mata daga gida ba. Abin da ya fito da su kuɗi ne. Ƙasar ta fito daga shekaru goma na talauci da zaman kashe wando, sai ga masana'antu suna neman hannu ido rufe, suna biyan abin da mai wanki ko mai aikatau ba ta taɓa gani ba. Mata masu aikin albashi suka tashi daga wajen miliyan 12 zuwa sama da miliyan 18. Da yaƙi ya ƙare, aka sallami da yawansu don a ba sojojin da suka dawo wuri, farfagandar ma ta juya tana yabon matar da ke tsaye a madafa.

Haƙurin da ake yabo shi ma yana da dalili. Katin rabon sukari iri ɗaya ne ga attajiri da lebura (kasuwar bayan fage ta ci, ba a rasa nono a ruga). Harajin masu samun sama da dala 200,000 a shekara ya kai kashi 94 cikin ɗari a kan abin da ya haura wannan adadi. Talaka ya ga an taɓa aljihun manya, shi ya sa ya saurara.

Batun "ba ƙorafi" kuwa tatsuniya ce. Tun a 1941 shugaban ƙungiyar ƙwadago A. Philip Randolph ya yi barazanar tara dubban baƙaƙen fata a Washington, sai da Shugaba Roosevelt ya sa hannu a dokar hana wariya a masana'antun makamai sannan ya janye. A 1942 jaridar baƙaƙe ta Pittsburgh Courier ta ɗauki kalmar nasara daga bakin gwamnati ta ce biyu suke so: ɗaya a kan Hitila, ɗaya a kan wariyar gida. A watan Yunin 1943 rikici ya ɓarke a Detroit, mutum 34 suka mutu, 25 daga ciki baƙaƙe. A daidai wannan lokacin mutum kusan 120,000 'yan asalin Japan suna tsare a sansanoni, kashi biyu cikin uku 'yan ƙasa ne, sai a 1988 aka ba su haƙuri da diyyar dala 20,000 ga kowane mai rai. A ganina nan darasin yake: gwamnati ta ce don 'yanci ake yaƙi, mutane suka riƙe ta da maganarta kamar mai bin bashi, domin suna da jaridu da ƙungiyoyi, a arewacin ƙasar kuma suna da ƙuri'a.

To mu fa? Kakanninmu ma an yi musu wannan kiran, kuma sun amsa. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ta riƙa kai labarin yaƙi har ƙauye. Samari suka tafi ƙasar Bama (Burma) cikin runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Ingila. Jiragen yaƙi na Ingila da Amurka suka riƙa sauka Kano da Maiduguri a hanyarsu ta zuwa Masar. Manoma suka ƙara noman gyaɗa, aka yi ta tara gudummawar yaƙi. Da Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingila ke samun kuza, a 1942, aka kwashi dubban talakawa ta hannun sarakuna zuwa haƙar kuza a Jos, aikin tilas cikin sanyin tsauni da ƙarancin abinci, wasu ba su koma gida ba. Wa zai dubi waɗannan ya ce ba su yi sadaukarwa ba?

Bambancin yana wajen sakamako. Sojan Amurka ya dawo ya tarar da dokar 1944 da ta biya masa karatun jami'a ta kuma tsaya masa ya ci bashin gida, ko da yake baƙin soja a kudancin ƙasar ya sha wuya kafin ya ga nasa rabon. Namu ya dawo ƙasar da har yanzu ba tasa ba, don tun a 1941 Churchill ya faɗa wa majalisar Ingila cewa alkawarin cin gashin kai da suka rattaba wa hannu shi da Roosevelt bai shafi ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkinsu ba. Farashi ya tashi, gishiri ya yi wuya, albashi yana nan inda yake. A watan Yunin 1945 ma'aikatan reluwe da na gidan waya da sauransu suka ajiye aiki sama da kwana arba'in, kuma sai bayan wannan yajin Turawa suka kafa kwamitin da ya sa aka ƙara wa ma'aikata alawus na tsadar rayuwa a 1946.