Jan Ƙwallo a Shagona na Samaru

Duk wanda ya taɓa riƙe shagon buga takardu a Samaru ya san lokacin da 'yan ajin ƙarshe na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) Zariya ke haɗa furojet. Shago ya cika maƙil, kowa da filas a hannu, kowa na rantsuwa gobe ce ranar ƙarshe. A irin wannan lokaci wuyan hannuna na dama ya fara tsami. Tun ina shafa man zafi ina basarwa, har ta kai ko buta na ɗaga sai na cije leɓe.

Wani malamin injiniya da nake buga wa takardu ya ce yawan jan maus, wato linzamin kwamfuta, safe da yamma ne ya jawo, in nemi tirakbol. Shi wannan a zaune yake wuri ɗaya, ƙwallonsa a sama, babban yatsa kawai ke murza shi. Malamin jami'a kuwa ba ya ba ka shawara sai ya haɗa maka da lacca. A tsaye ya sanar da ni cewa abin ya girmi maus: tun 1952 wasu injiniyoyi a Kanada suka ƙera wa sojan ruwan ƙasar irinsa da ƙwallon wasan bolin, shi kuwa Douglas Engelbart sai bayan 1960 ya fito da maus ɗinsa na katako a Amurka. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni dai hannuna."

Na hau acaɓa zuwa Sabon Gari, na samo na gwanjo mai jan ƙwallo.

Ashe hannu ma yana da taurin kai irin nasa. Kaina ya san yatsa ake murzawa, hannu ya ce bai san zancen ba. Na dafa abin na tura gaba, kibiya ba ta motsa ba. Na ƙara turawa da ƙarfi, har ya yi karo da kofin zoɓon wata ɗaliba, zoɓo ya malale kan shafin da malaminta ya sa wa hannu. Ta kalli takarda, ta kalle ni.

"Malam, sati uku na yi ina bin mutumin nan kafin ya sa hannu."

Na ce a shanya a rana. Ta ce rana ba ta goge ja.

Da yatsan ya fara aiki kuma sai ya wuce gona da iri. Ka ɗan taɓa ƙwallon, kibiya ta tashi daga Kwangila sai Kongo. Layi ɗaya na so gogewa a aikin wani yaro, na kwashe babi na huɗu gaba ɗaya, yana tsaye a kaina yana salati. Allah Ya yi wa wanda ya ƙirƙiro Ctrl+Z, maɓallan da ke dawo da abin da aka goge, albarka. Yaron shagona kuwa ya ƙi taɓa abin sam, ya ce shi ba zai yi aiki da kayan bokaye ba. Wani dattijo da ya zo buga takardar gona ya daɗe yana kallon yadda nake shafa ƙwallon ina zuba wa allo ido, sannan ya matso ya rage murya: "Ɗana, har da duba ake yi a nan?"

Maganar gaskiya, hannun ya yi sauƙi, kuma teburin ya samu fili. Ina cikin yi wa maƙwabta kuri sai hunturu ya shigo da ƙurarsa. Ƙwallon a kan wasu 'yan ƙananan duwatsu uku yake juyawa, ƙura da maiƙon hannu suna taruwa a kansu, sai ya fara cijewa. Maganin ba wuya: akwai huda a ƙasa, ka zura yatsa ka turo ƙwallon waje, ka goge. Na turo shi, na goge, aka kira azahar, na ajiye shi a kan tebur na tafi masallaci.

Na dawo, rami kawai na tarar. Ɗalibai a jere suna jira, tsohon maus kuma na riga na yi kyautarsa don burga.

A bayan layi na sami ɗan ƙanwata yana shan rake hankali kwance. Na ce ina ƙwallo? Ya nuna wani yaro da ya fi shi tsawo. Musaya suka yi, an ba shi gaɓa biyu. Sabon mai ƙwallo ya ce shi saya ya yi, ciniki kuma ya faɗa, ga shaidu. Shaidun suka gyaɗa kai. Na yi barazana, na ce na san ubansa, ya ce shi ma ya san shi. Masu shaguna suka fito kallo, wani har yana cewa in yi haƙuri, yaro ya fi ni hujja. Sai da na biya naira 200 aka ciro mini ƙwallona daga aljihu, duk ya sha ƙasa da danƙon rake.

Ina wanke shi da ruwan buta, ɗan ƙanwar tawa ya tsuguna kusa da ni.

"Kawu, gobe ƙarfe nawa za ka sake ciro shi? Akwai wanda ya ce zai ba da gaɓa uku."